Muryar da Aka Ɗauka a Ɗaki: Abin da Miksin Ke Iya Gyarawa

Lacca ga mawaƙa da masu situdiyo na garin Gombe

 

An ɗora mini in yi magana a kan wani aiki da kowane mai situdiyo a garin nan ya san ɗacinsa. Mawaƙi ya ɗauki muryarsa a ɗakinsu, a Pantami ko Bolari ko Jekadafari ko Tumfure, wani da waya, wani da ɗan makirfon da ya sayo a kasuwa. Sai ya turo maka da daddare, ya ce, "Oga, don Allah a taimaka a wanke min ita, jibi ne kamun amarya." Ka buɗe, ka tarar fanka na juyi a ciki, janareta na gurnani a ƙarƙashi, ɗakin na maimaita duk abin da ya faɗa, in ya ɗaga murya wajen amshi kuma ta fashe. Me za ka iya yi da wannan? Kuma wane ma'auni ne zai ce maka ka tsaya haka nan?

Da ma'aunin zan fara, domin a kansa sauran bayanin ya rataya. Mai sauraron waƙar Hausa kalma yake bi. Ku tuna da waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Barmani Coge, waɗanda har gobe ake sawa a gidajen rediyonmu. Da yawansu a filin biki ko a ƙofar fada aka ɗauke su, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset har shuu ɗin ya kusa kamo ƙarfin kiɗan. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma direban da ya ɗauko hanyar Dukku ko ta Kaltungo yana tafe yana jin su, bai taɓa kashewa saboda shuu ba. Abin da zai sa ya miƙa hannu ya kashe shi ne ya kasa gane abin da ake faɗa. Haka abin yake ga mai bege da mandiri, da 'yan Islamiyya masu waƙar walima, da mawaƙin coci mai rerawa da Hausa ko Tangale ko Tera, da mai waƙar Fulatanci. Don haka duk maɓallin da za ka taɓa a kwamfuta, tambayi kanka: kalmar ta ƙara fitowa, ko ta ƙara ɓuya?

Kada ƙannenmu su ji kamar zarginsu na zo yi. Ɗaukar waƙa a ɗaki ba abin kunya ba ne, a nan ma sana'ar ta girma. A ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha guda a situdiyo irin na Iyan-Tama a Kano shi ya sauya kiɗan finafinai, har aka kai ga fim ɗin Sangaya a 1999. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani. Daga baya kwamfuta ta shigo da FL Studio da Cubase, situdiyo ya koma abin da ɗaki guda ke ɗauka. Mdou Moctar, makaɗin nan na Nijar da ke zagaya duniya da jita, kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin salon situdiyonmu, kuma ta memori da bulutut waƙoƙin suka bazu a ƙasashen Sahara. Can a Amurka, kundin Billie Eilish na 2019, wanda ya cinye babbar lambar Grammy a farkon 2020 har da ta iya ɗaukar sauti, a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka ɗauke shi, a gidan iyayensu. Sai dai ku lura da abu biyu: sun ɗauka da tsabta, sannan sun miƙa wa wani gwani, Rob Kinelski, ya yi musu miksin. Wanda ya karɓi aikin bai fara da kwasar shara ba.

To mu da muke farawa da shara, matakin farko ko kwamfuta ba ya buƙata. Kira mawaƙin ka ce ya kawo asalin abin da ya ɗauka. Rabin abin da muke kuka da shi a hanya ya lalace. Muryar da aka ɗauka a matsayin saƙon murya na WhatsApp an matse ta tun daga tushe, an zubar da duk abin da manhajar ta ga magana za ta fahimtu ba tare da shi ba. MP3 mai nauyin 128 yakan yanke saman sauti daga wajen haz 16,000. Idan an tura shi, an sake mai da shi MP3, an kuma turawa, kowane zagaye da abin da yake ci. A turo fayil a matsayin dokiment, ko a kawo a filash, WAV in akwai, murya daban, amshi daban, kiɗa daban, ba a sa musu komai ba. Sannan ka zauna ka saurari waƙar daga farko har ƙarshe hannunka bai taɓa komai ba, ka rubuta inda kowace matsala take. Bayan nan ne za ka faɗi kuɗi da lokaci. Wankin murya aiki ne mai zaman kansa, sau da yawa ya fi miksin ɗin cin lokaci, kuma mai situdiyon da ya haɗe su a farashi ɗaya kansa zai cuta, ko ya yi gaggawa ya cuci waƙar.

Yanzu bari mu shiga ɗakin, domin shi ne babban ciwon, kuma shi aka fi rainawa. Ɗakunanmu na haya galibi ƙafa 12 ne a kan 12, bangon bulo da filasta, ƙasa siminti ko tayil, sama silin ko kwano tsirara. Duk waɗannan ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi. A irin zafin Gombe sauti na tafiyar kimanin mita 350 a daƙiƙa. Ƙafa 12 kuwa mita 3.6 ne da 'yan kai. In ka lissafa zuwa da dawowa tsakanin bango da bango, za ka ga ɗakin yana da amon kansa a wajen haz 48, wato girgiza 48 a daƙiƙa, sannan a ninkinsa, wajen 96 da 144. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, amon ya taru wuri guda ya yi ƙarfi biyu. Gindin muryar namiji kuwa tsakanin haz 100 da 150 yake yawo. Shi ya sa za ka ji wani harafi ya kumbura ya cika kunne, na kusa da shi ya zama siriri, alhali mawaƙin da ƙarfi ɗaya ya rera su. Ban da wannan akwai amsawar bango mai sauri, wadda ke komowa makirfo kafin kunne ya raba ta da muryar, ta ba ta wannan amo na cikin akwati.

Me ake yi a miksin? A yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80 ko 100 a kan murya, babu abin amfani a can sai rugugi. A nemo inda ɗakin ya kumbura, galibi tsakanin 200 da 500, a rage shi kaɗan a siririn wuri. In akwai ikyu mai motsi, wanda ba ya ragewa sai lokacin da harafin ya kumbura, ya fi. Manhajoji irin su iZotope RX suna da abin rage amsa-kuwwar ɗaki, yana taimakawa in abin bai yi yawa ba. Amma a yi hattara da kwamfuresa. Aikinta danne mai ƙarfi da ɗago marar ƙarfi, marar ƙarfin nan kuwa shi ne ɗakin da fanka da kukan akuya. Duk lokacin da ka matsa ta, ka jawo ɗakin gaba. Ga muryar da aka ɗauka a irin wannan wuri, gara ka bi ta da hannu, baiti baiti, kana ɗaga kalmar da ta nutse kana sauke wadda ta yi tsalle, sannan ka sa kwamfuresa 'yar kaɗan a ƙarshe.

Gaskiyar da ya kamata mawaƙa su ji ita ce, maganin ɗaki a ɗakin yake, kuma kusan kyauta ne. Duk sanda ka rage nisan bakinka da makirfo da rabi, muryarka ta ƙaru da disibel 6 a kan hayaniyar ɗakin. Taƙi ɗaya tsakaninka da shi ya isa. Ka jingina katifa a bangon da ke bayanka, ka rataya bargo mai kauri a gefe, ka shimfiɗa darduma, ka guji kusurwa da tsakiyar ɗaki. Kwalin ƙwan nan da ake mannawa a bango kuwa, don Allah a daina wahala. Ba shi da kaurin da zai sha komai. Siririn soso ma saman sauti kawai yake sha, ya bar ƙasan, ɗakin ya ƙara dusashewa. Da damina, in ruwa na dukan kwano, a haƙura a jira ya ɗauke.

Sai wuta. Wutar lantarkin ƙasar nan haz 50 take kaɗawa, kuma in wayar ƙasa ba ta da kyau, ko wayar makirfo ta kwanta a kan ta wuta, wannan ƙugi zai shiga, tare da 'ya'yansa a 100 da 150 da 200 har sama. In wutar gari ce, ƙugin yakan tsaya kusan wuri ɗaya, sai ka sa siraran yanka a waɗannan wurare ka rabu da shi. Ƙaramin janareta ne mai wahala. Injinsa sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da haz 50, kuma da zarar an kunna firji ko dutsen guga ko famfon ruwa a gidan, juyin ya sauka, ƙugin ya sauka tare da shi. Ka yanke a 50, shi yana 47, anjima ya haura 52. A nan sai manhajar da ke bin sa tana farauta, ko ka raba waƙar gunduwa-gunduwa ka bi kowace da nata. Inbata mai araha ta sola ma tana da nata zizar mai kaifi. Ga mai ɗauka a gida, gwaji mafi sauƙi shi ne ya zare cajar laftof ya yi aiki da batir. Sau da yawa nan take ƙugin ke ɗaukewa. Kuma ina roƙon kowane mawaƙi: kafin ka buɗe baki, bar makirfo ya ɗauki daƙiƙa 10 na shirun ɗakin. Wannan shirun ne muke nuna wa manhaja mu ce ga abin da za ki cire. In babu shi, lalube take yi.

Kada ku zaci mu kaɗai ƙugin wuta ya taɓa kayarwa. John Lennon na ƙungiyar Beatles ya ɗauki wata waƙa, Now and Then, a kaset a gidansa da ke New York wajen 1977, shi da fiyanonsa. Bayan kashe shi a 1980, matarsa Yoko Ono ta miƙa wa abokansa kaset ɗin a 1994. A 1995 suka zauna da kayan aikin da babu kamarsu a lokacin, amma ƙugin wutar gidan da yadda fiyano ya cakuɗe da murya suka sa aka ajiye aikin. Sai da ma'aikatan Peter Jackson suka ƙera manhaja mai koyo da kanta, wadda ta zare muryar daga fiyanon, sannan waƙar ta fita a Nuwamba 2023. Shekara 28 tana jira. Abin da ya cece ta shi ne an adana abin da aka ɗauka. Zan dawo kan wannan.

Fashewar murya ba zan daɗe a kanta ba, domin hukuncinta gajere ne. Kwamfuta tana da rufin da sauti ba ya wucewa, shi ne sifili a ma'auni, inda fitila ke yin ja. Abin da ya wuce nan an fille masa kai, ba a ɗauke shi ba sam. Kamar gishiri ne a miya: in ya yi kaɗan ka ƙara, in ya zarce babu cokalin da zai tsamo shi. Manhajar gyaran fashewa tana kintatar abin da aka fille ta zana shi, kuma tana dacewa in 'yan wurare ne. In amshin gaba ɗaya ja ne, a sake ɗauka. Ku ɗauka a bit 24, ku bar mafi ƙarfin muryar ya tsaya wajen disibel 10 ƙasa da sifili. Babu abin da za ku rasa, mu za mu ɗaga ta.

Yanzu na iso inda na fi so ku ba ni kunnuwanku. Kayan wankin sautin nan galibinsu a Turai da Amurka aka ƙera su, an kuma saita su da kunnen masu waɗancan harsuna. Harshenmu yana da sautukan da nasu ba shi da su. Ƙ da ts, ana furta su ne da rufe maƙogwaro: ɗan bugu mai kaifi ya fita, shiru na ƙiftawar ido ya biyo baya, sannan wasali ya shigo. A idon manhajar cire ƙas-ƙas, wannan siffar datti ce sak. Ka sake mata linzami, sai ta goge bugun, mawaƙi ya yi wa baƙi maraba a ji ya ce baki. Ɓ da ɗ da 'y, waɗanda Fulatanci ma ke da su, nauyinsu a ƙasan murya yake, kuma yanka mai zurfi a ƙasa yana mai da su b da d. Abin rage kaifin s da sh, wanda ke aiki tsakanin haz 5,000 da 8,000, in ya yi yawa sai ts ta koma s, mawaƙi ya zama mai tsamin baki. F ɗinmu kuwa da leɓɓa biyu yawancinmu ke yin ta, iska ce zalla take dukan makirfo. Maganinta rariya a gaban makirfo, ko da safa ce aka ɗaura a zoben waya, da ɗan karkatar da baki gefe.

Sannan ga ƙofar nan da ke rufe sauti in murya ta yi ƙasa, wadda ƙannenmu ke ƙauna don tana kashe shuu tsakanin baitoci. Hausa tana rarrabe dogon wasali da gajere. Gajere a ƙarshen magana yankewa yake yi tsaf, dogo kuwa a hankali yake sauka. Ƙofar da aka saita da zafi tana datse wutsiyar dogon wasali, ya koma kamar gajere, ma'aunin baitin ya gurgunce. Mai kunnen waƙa zai ji wani abu ya karye ko da bai san sunansa ba. Ni shawarata a ajiye ƙofar, a bi da hannu a rage shirun da ke tsakanin baitoci, a kuma bar numfashin mawaƙi, a sauke shi kaɗan kawai. Murya marar numfashi tana tsorata kunne.

Haka abin cire shuu. Kowa yana son ya ja shi har ƙarshe ya ji tsit. Amma abin da yake cira ba ya tsayawa a kan fanka, yana haɗawa da gefen muryar, sai ka ji ta tana ɓulɓul tamkar daga ƙarƙashin ruwa. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Rage disibel 6 ko 8, ka saurara, in da buƙata ka sake bi sau ɗaya a hankali. Bi biyu masu sauƙi sun fi ɗaya mai zafi. Yawancin manhajojin suna da maɓallin da zai jiyar da kai abin da ake cirewa kaɗai. Danna shi. In ka ji kalmomi a cikin sharar, ka wuce gona da iri, koma baya. Kuma kada ka yanke hukunci muryar tana ita kaɗai. Shuu ɗin da ke damunka a hedifon, da zarar kiɗa ya hau, rabinsa ya ɓace da kansa.

Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997, ya zama wani ɓangare na amon nanaye, kuma ba ni cikin masu cewa a jefar da shi. Salo ne, jama'a sun karɓa. Abin da nake cewa shi ne a san lokacinsa. Yana aiki ne ta hanyar bin gindin murya, don haka in akwai ƙugin janareta ko kiɗan da ya zubo daga hedifon, sai ya rikice ya bi su, muryar ta riƙa rawar ɗari. A wanke tukuna, sannan a sa shi. A kuma gaya masa muryoyin da waƙar ke takawa. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan matakai biyar suke tafiya; in ka bar masa goma sha biyun nan duka a buɗe, zai riƙa jefa mawaƙi a matakan da bai taɓa nufa ba. Kuma Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai sama, akwai ƙasa, akwai mai faɗowa. Wannan faɗowar, da lanƙwasar da mai bege ke yi a ƙarshen baiti, in aka sa saurin gyara a sifili, sai su koma hawa-hawa. A waƙar rawa wataƙila abin da ake so ke nan. A waƙar da aka gina kan ma'ana, asara ce. Kalangu kuwa kada a kusance shi da wannan abu ko kaɗan. Maganarsa tana cikin matsar tsarkiya da sakinta, kuma duk abin da ya daidaita masa murya ya rufe masa baki.

Akwai kuma wanda zai kawo maka waƙa a dunƙule, murya da kiɗa a fayil guda, ya ce kwamfutar da aka yi aikin ta mutu. Tun da kamfanin Deezer na Faransa ya saki Spleeter a 2019, manhajojin raba waƙa sun yawaita, kuma suna ƙara kyau. Galibinsu gida huɗu suka sani: murya, ganguna, bes, da saura. Kalangu da kotso da kuntigi da goge ba su da gida a wannan rabo. Kalangu yana hawa yana sauka kamar mutum, sai ka tarar da rabinsa a cikin murya, rabi a cikin bes. Goge kuwa kusan kullum tare da mawaƙi yake tafiya. In kiɗan fiyano ne, raba ka ɗauki muryar ka sake buga kiɗan sabo. In na gargajiya ne, sau da yawa gara ka bar shi a dunƙule, ka yi masa gyaran sama-sama, ka mutunta shi yadda ya zo.

Abin da ya ƙi fita, sai a san yadda za a zauna da shi. Kuskuren da na fi ji a waƙoƙin da ke yawo a wayoyi shi ne a lulluɓe mummunar murya da amsa-kuwwa mai tsawo. An ɗora ɗaki a kan ɗaki ke nan, kalma ta ƙara nisa. Gajeren maimaici wanda aka yanke wa sama da ƙasa ya fi rufa asiri. Tsarin kiɗa ma magani ne: inda muryar ta raunana, a janye kayan da ke takara da ita tsakanin haz 2,000 da 4,000, inda baƙaƙe ke fitowa, inda ta fashe a amshi, a kira 'yan amshi biyu su ɗora sabo a situdiyo, a tura tsohuwar baya. Kafin ka ce ka gama, fitar da waƙar daga lasifikokinka masu tsada. Ji ta a ƙaramar waya mai lasifika ɗaya, domin a nan mafi yawan mutanen Gombe za su ji ta. Ji ta a Keke Napep, ji ta a irin lasifikar da DJ ke kafawa a filin biki. Ba wa wanda bai san waƙar ba, ka ce ya maimaita maka baitin farko. In ya iya, aikinka ya yi. Batun ƙarfi kuma, YouTube da Spotify suna sauke duk waƙar da ta cika ƙara su daidaita ta da saura, don haka wanda ya matse waƙarsa har ta fashe don ta fi ta maƙwabci ƙara, fashewar ce kawai za ta rage masa.

Sai hukunci mafi nauyi: yaushe za ka ce a sake? Mawaƙin da ke Herwagana, kai kana Tudun Wada, kuɗin acaɓa ne tsakaninku. Awa guda a gaban makirfo mai kyau ta fi kwana uku na faci. Faɗa masa da mutunci, ka nuna masa a kunnensa abin da ya faru, ka koya masa yadda zai kauce masa gaba. Wanda ya karɓi kuɗi ya yi alkawarin abin da ya san ba zai yiwu ba, ya ci amana, kuma sunansa ne zai bi waƙar.

Amma akwai abin da ba ya sakuwa, kuma a nan nake so mu yi taka-tsantsan da son tsabta. A farkon 1982 Bruce Springsteen ya ɗauki wasu waƙoƙi a gidansa a New Jersey da ƙaramar rikodar kaset mai layi huɗu, don gwaji kawai. Ya shiga babban situdiyo da makaɗansa suka sake su, aka ga ran da ke cikin kaset ɗin bai biyo su ba. Ƙarshe kaset ɗin aka fitar a matsayin kundin Nebraska, da shuu ɗinsa da komai. Mu ma muna da irin wannan a hannunmu. Dattijon da aka ɗauka da waya yana waƙar noma a ƙauye, yau ba ya duniya. Daren Mauludi da sha'iri ya kai inda ba zai sake kaiwa ba. Kiɗan fada ranar hawan sallah. Tsohuwa mai waƙar niƙa ko ta reno, wadda in ka kai ta situdiyo ka sa mata hedifon, muryar za ta maƙale. Irin waɗannan, cire ƙugin da ke hana ji, daidaita ƙarfi, ka janye hannunka. Kukan zakara da hayaniyar jama'a da ke ciki shaida ce ta wuri da lokaci.

Wannan ya dawo da ni kan adanawa. Kada ka taɓa yin gyara a kan asalin fayil. Kwafa ka yi aiki a kan kwafin, asalin ka ajiye shi wuri biyu, da sunan mawaƙi da ranar da aka ɗauka da wurin. Abin da ya gagare mu bana, wataƙila manhajar baɗi ta iya, amma ba za ta iya komai da muryar da muka riga muka kankare ba. A gidajen garin nan akwai kaset-kaset cike da buhuna, na makaɗan Tangale da Waja da Tera da Bolewa da Fulani, zafi da ƙura suna cin su, rikodojin da za su juya su kuma suna ƙarewa. Duk mai situdiyon da ke da rikoda mai lafiya, ya juye su zuwa WAV yadda suke, ba tare da wanki ba, wankin ya biyo baya.

Roƙona ga 'yan'uwana masu situdiyo shi ne mu haɗa baki a kan 'yar takarda guda, da Hausa, wadda za mu riƙa tura wa duk mai son ɗauka a gida kafin ya fara: nisan baki da makirfo, katifa da bargo, kashe fanka, zare caja, daƙiƙa 10 na shiru, kada fitila ta yi ja, a turo a dokiment. Mu kuma raba kuɗin wanki da na miksin a fili, kowa ya san abin da yake biya. Na ga wasu sun zo da wayoyinsu da ayyukan da suka gagara. A kawo su nan gaba mu sa a lasifika, mu saurara tare, mu ga wanne ne na gyara, wanne ne na sakewa.